Gizo-gizon da Marjorie Ta Bar Mini

Mesilla,
11 ga Yuli, 1994

Zuwa ga Yayata Ofelia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Allah ya sa kina shafa man da likita ya ba ki, ba kin ɗora shi a kan firji yana kallonki ba. Ya maigidanki Ramón da yara? Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya sa ko karnuka sun daina haushi. Maigidana Celso yana gaishe ki. Ya ce har yanzu yana jiran barkonon garinku Pueblo da kika ce ya fi namu, yana so ya ga abin mamaki kafin ya mutu.

Na ɗauki biro ne tunda kunnenki ya ɓata da waya, in na kira sai mu ƙare da ihu kamar masu faɗa. Labarin ba mai daɗi ba ne. Marjorie ta tafi asibiti a Houston, gobe mako biyu. Kansar ta dawo, wannan karon a hanta. Mijinta Walter ne ya tuƙa ta. Yaya, shekara goma sha tara ke nan da matar nan ta same ni ina wanke kwalabe a ɗakin bincikenta, ta ce ba ta taɓa ganin hannun da ba ya rawa irin nawa ba, ta zaunar da ni gaban madubin bincike. Ita ta riƙe 'yata Marisela ranar baftisma. A wurin aiki Dakta Halvorsen ce, amma a kicin ɗina Marjorie ce mai cinye wake ta bar mini tukunya.

Ta bar mini gizo-gizonta amana, mata ɗari uku da sha biyu da 'yan mazajensu, kowace a kwalbarta da lambarta. Kin san irinsu, baƙaƙen nan masu jan tabo a ciki, waɗanda Mama take hana mu zura hannu cikin itacen girki saboda su. Dukkansu jikokin guda ɗaya ne da muka samo a ƙarƙashin murfin mitar ruwa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Zaren waccan ya fi na sauran ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ne Marjorie ta ɗauri aniyar nuna cewa abin gado ne, ba dace ba. Tun daga nan muke haɗa aure muna raino, zuri'a bayan zuri'a. Wannan ce ta ƙarshe da take buƙata. In awon zarensu ya fito yadda take zato, za ta rubuta takardar da ta ce don ita aka haife ta.

Aikin bai canza ba. Da safe in busa wa ɗaya iskar da ke sumar da su, in kwantar da ita rigingine, in kamo bakin zaren da hantsaki in naɗe a kwarkwaro, sannan in kai injin da ke jan sa har ya tsinke. Ranar Alhamis kuma tatsar dafi, da ɗan bututun gilashi mai sirantar gashi, a aika wa masu binciken jijiya. Da za ta shiga mota ta kama hannuna ta ce, "Femia, ki ba su ruwa da gyaren kwali, ki rufe ƙofa. Kada ki yi musu kirki." Na ce mata ta tafi ta ji da likitocinta, ba yau na fara ba.

To, ga inda gizo ke saƙar, kamar yadda ake faɗa, kuma a nan gidan maganar ta zauna daidai. Kwalin gyaren da ake aiko mana don abincinsu duk mako biyu ya iso a mace, zafi ya dafa su a mota, wari kamar me. Kamfanin ya ce ba za su sake aikowa ba sai zafi ya sauka, wataƙila mako uku. Na sani sarai halittun nan suna iya wata biyu ba su ci komai ba, ni da kaina na rubuta haka a littafin aiki. Amma kullum in shiga in ga cikkunansu suna motsewa, sai abincina ya ƙi wucewa. Ke kin san gidan da muka fito. Mama ko karen maƙwabta ba ta bari ya wuce ƙofarta da yunwa.

Shekaranjiya da sassafe na ɗauki raga na shiga gonar audugar maƙwabcinmu Don Tacho. Fara kuwa ga ta nan zaune a kan ganye kamar ni take jira, ko tashi ba ta yi. Cikin awa ɗaya na cika bokiti biyu. Jiya bayan coci na bi su kwalba-kwalba, kowace ta samu rabonta, har na zauna ina kallonsu suna naɗe abincinsu ina jin daɗi. Ba zan gaya wa Marjorie ba, masifa za ta yi mini, mara lafiya kuma ba ya buƙatar ɗaga murya.

Ki sa ta a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Eufemia


Mesilla,
25 ga Yuli, 1994

Yaya Ofelia,

Ina gaishe ki, ina fatan ke da iyali kuna lafiya. Ni jikina lafiya. Sauran ki karanta.

Suna mutuwa, Yaya. Washegarin da na aika miki wasiƙa na shiga na tarar da tara a ƙasan kwalba, ƙafafu a naɗe. Ranar Laraba arba'in. Waɗanda ba su faɗi ba suna rataye suna karkarwa, saƙarsu ta zama wani abu dabam. Ga wanda bai sani ba, saƙar irin wannan gizo dama a hargitse take, amma ni na san inda kowane zare ya kamata ya bi, kuma wannan saƙar marasa hankali ce.

Na je wurin Don Tacho na same shi yana gyaran famfo. Da na tambaye shi ko ya sa wa gonar wani abu, sai ya ture hularsa baya ya ce, "Haba 'yata, ba ki ji jirgin feshi ranar Alhamis ba? Har kajin Doña Chole sai da suka ɓuya." Ta ina zan ji? Ɗakin bincikenmu ba shi da taga, ranar kuma ina kan tatsar dafi tun safe. Farar da na ga ta zauna lamo ba jirana take ba, guba ce ta riga ta kama ta. Ni na ɗebo ta da hannuna, na raba kwalba-kwalba, ban tsallake ko ɗaya ba. Garin neman gira na rasa ido.

Na canza musu kwalabe, na ɗiga musu ruwa da burushi, na yi duk abin da na sani da wanda ban sani ba. Yau saura ashirin da uku, mazan kuwa babu ko ɗaya. Matattun ina sa su a firiza da lambobinsu, don ban iya zuba su a shara ba. Abu ɗaya ya rage: wata ta saƙa ƙunshin ƙwai kwana ɗaya kafin ta mutu. Na keɓe shi a kan teburina, girmansa bai wuce ƙwayar wake babba ba.

Marjorie tana kira duk Lahadi da ƙarfe huɗu. Muryarta ta sirance, amma tambaya ba ta ragu ba: wace ta yi saɓa, wace ta ƙi saƙa, ko na tuna da duba ma'aunin zafi. Lahadi biyu ke nan ina ce mata duk suna lafiya. Walter ya kira ni a ɓoye ranar Juma'a, ya roƙe ni kada in gaya mata wani abin tashin hankali, wai maganar komawa aiki ce kawai take sa ta haɗiye magani. Na ce masa to. Amma ba zan fake da Walter ba, na riga na yi ƙaryar kafin ya roƙa.

Celso ya ce in faɗa mata yanzu tun abin bai yi tsami ba. Na ce masa shi da ko ya ga gizo a banɗaki sai ya kira ni, yaushe ya zama mai ba da shawara a kansu? Sai ya tashi ya ɗumama mini abinci. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka kwantar da Baba.

Ki rubuto mini. Ki gaida Ramón.

Taki,
Eufemia


Mesilla,
15 ga Agusta, 1994

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce kumburin ya sauka. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙa. Kin ce ramin ƙarya ƙurarre ne, in hau mota in je in faɗa mata. Kin yi gaskiya, kamar kullum, shi ya sa tun muna yara ban cika son shawararki ba.

Gizon ƙarshe cikin na Marjorie ta mutu ranar uku ga wata. Yanzu bari in gaya miki abin da na yi bayan nan, wanda ko Celso bai sani ba. Mako guda ina fita da sassafe ina ɗaga murafen akwatunan ban-ruwa a bakin gonaki, ina kamo irin gizon nan na waje. Na samu hamsin da takwas. Na zuba su a tsofaffin kwalaben, da tsofaffin lambobin a jiki. Wallahi in kin shiga ɗakin ba za ki ce an yi mutuwa ba. Baƙar gizo baƙar gizo ce, ko Marjorie ba za ta bambance su da ido ba. Injin ne kawai ba a yi masa wayo. Na ja zarensu, ya tsinke a inda zaren kowane gizon gona yake tsinkewa.

Ita kuwa ta fara rubuta takardar a gadon asibiti. Jiya ta ce mini ta kai shafi tara, har ta karanta mini farkon tana haki, ta ce ta sa sunana kusa da nata, ba a ƙasa wurin godiya ba. Awon wannan zuri'a kawai take jira ta cike gurbi. Tun makon da ya wuce ta ce in aiko kafin ƙarshen wata, domin likitoci sun fara yi mata magana a hankali, ita kuma ta san ma'anar hakan.

Ranar Laraba na zauna na cika takardar awo da lambobin da na san tana so. Ba wuya, na bara na ɗauko na ɗan taɓa su. Na sa a ambulan, na manna kan sarki, na tuƙa har gidan waya. Na fi rabin awa a cikin mota, ƙamshin barkonon da ake gasawa a bakin kanti yana shigowa, ina riƙe da ambulan. Abin da ya hana ni fita shi ne wannan. In na aika, za ta mutu da farin ciki. Bayan shekara biyu ko biyar wani zai nemi ya maimaita aikin, ya ga babu, a ce Dakta Halvorsen ƙirƙira ta yi. Matar da ta taɓa sa ni maimaita awon wata guda saboda lamba ɗaya da ta ga kamar na goge. Kuma ba ta nan balle ta kare kanta. Na dawo gida na ƙona takardar a murhu.

Ƙunshin ƙwan nake jira. Ya kamata 'ya'yan su fito tun makon jiya, amma wani lokaci sukan yi jinkiri. In suka fito, zuri'ar ba ta yanke ba, zan je mata da mugun labari a hannu ɗaya, mai daɗi a ɗayan. Kullum da safe shi nake fara dubawa kafin in ajiye jaka. Ki ba ni mako biyu, kada ki yi mini faɗa.

Marisela tana gaishe ki, ta samu aikin hutu a kantin magani.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Eufemia


Houston,
2 ga Satumba, 1994

Yaya Ofelia,

Ina gaishe ki daga inda ba ki zata ba. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi, a barandar asibiti.

Ranar Litinin na yanka ƙunshin da almakashi a ƙarƙashin madubi. Ƙwayayen sun bushe, sun zama kamar garin masara. Na rufe ɗakin, na bar wa Celso mabuɗi, na hau bas.

Da na shiga ɗakinta ban gane ta ba sai da ta yi magana. Ta yi rawaya, ta ƙanƙance, zoben aurenta yana rataye a wuya don ya daina zama a yatsa. Shafuka taran suna kan bargo. Ta gan ni ta yi dariya ta ce wa na bar wa 'ya'yanta, kada dai in ce Celso. Walter yana bayanta yana girgiza mini kai. Ban zauna ba. Na faɗa mata duka a tsaye: gyaren da ya mutu, farar, jirgin feshi, na wajen da na zuba a kwalabe, har takardar da na ƙona.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce a miƙo mata fensir. Ta shiga yi mini tambayoyi kamar muna wurin aiki: waɗanne suka fara mutuwa, manya ko ƙanana, awa nawa bayan ci, yaya saƙar ta canza, na rubuta ko ban rubuta ba. Na ce na rubuta komai, ga littafin ma na zo da shi. Ta ce madalla. Muka yi kusan rabin awa a haka, har zuciyata ta fara sauka, na ce ashe abin da nake tsoro bai kai yadda na ɗauka ba.

Sai ta ajiye fensirin ta ce, "Tun sannan, Lahadi nawa na kira ki?"

Na ce bakwai.

Ta ce, "Gizo kowa na iya kashewa, Femia. Ni ma na taɓa gasa sittin da na manta hita a kunne, ke kika share su. Amma duk ginin nan murmushi ake yi mini. Likita ya ce muna samun ci gaba, Walter ya ce na yi kyau yau. Ke kaɗai nake kira duk mako don in ji muryar da ba ta lallaɓa ni."

Ta miƙa wa Walter shafukan ta ce ya sa a aljihun tebur. Sannan ta juya fuskarta bango. Na kira sunanta sau biyu, na ce ta zage ni, ta kore ni daga aiki, ta yi mini duk abin da ta ga dama. Ba ta juyo ba.

Yau kwana biyu ina zaune a barandar nan. Walter yakan fito ya ce tana barci. Mutumin kirki ne, bai ce mini ai na gaya miki ba, har kofi yake kawo mini. Ɗazu na ji muryarta ta ƙofa tana tambayar nas ƙarfe nawa, don haka na san irin barcin. Gobe zan koma gida, akwai rai hamsin da takwas da ba su san hawa ba balle sauka, kuma Celso ba zai iya ba su ruwa ba.

Kin ce in faɗa, na faɗa. Ban ce laifinki ba ne. Da na faɗa tun Lahadin farko, da masifar kwana ɗaya ce.

Taki,
Eufemia


Mesilla,
26 ga Satumba, 1994

Zuwa ga Yayata Ofelia,

Bayan gaisuwa, na gode da katin da kika aiko da kyandir ɗin da kika kunna mata. Allah ya saka. Ya jikin Ramón, tarin ya lafa? Mu muna nan. Marisela ta fi ni kuka, ita ce ta yi karatu a wurin taron addu'ar.

Marjorie ta rasu ranar sha huɗu ga wata, da hantsi. Lahadi biyu suka wuce tsakanin dawowata da rasuwarta. Duka biyun na zauna kusa da waya tun ƙarfe uku, na hana kowa taɓa ta. Ba ta kira ba. Ni na kira sau ɗaya, Walter ya ce ba ta da ƙarfin magana, wataƙila kuma gaskiya ne a lokacin.

Za a rufe ɗakin binciken ƙarshen shekara. An ce za a mayar da ni wurin masu binciken ƙwarin auduga. Shafuka taran suna wurin Walter. Ya tambaye ni ko akwai wanda zai iya ƙarasa su, na ce masa babu, kuma na gaya masa dalili ba tare da kwana-kwana ba.

Bayan taron ya ja ni gefe ya ba ni wata 'yar takarda, irin ta zaɓen abincin asibiti, an yi rubutu a bayanta da fensir. Ya ce kwana uku kafin ta rasu ta rubuta, ta ce a ba ni hannu da hannu. Rubutun ya karkace amma nata ne. Ga abin da ke ciki, ban rage ko harafi ba: "Femia, ki mayar da na wajen inda kika ɗebo su. Ki cire lambobin tukuna. M."

Na yi. Na jiƙa kwalaben na kankare lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar Celso ya tuƙa ni, ya tsaya daga nesa da hannuwa a aljihu, ni kuma ina bin akwatunan ban-ruwa ina ɗaga murfi ina sakin su. Wasu suka ruga cikin duhu nan take. Wasu suka maƙale a kwalba sai da na turo su da burushi. Kafin azahar mun gama, na koma ɗakin na kashe fitila, karo na farko cikin shekara goma sha tara babu abin da ke numfashi a ciki.

Yaya, matar nan ta rubuta mini umarni ya fi dubu, a kan kwali, a bayan ambulan, har a tafin hannuna. Ban taɓa karanta ɗaya sau biyu ba. Wannan kuwa tana cikin jakata, na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Celso ya ce wanda ya yi fushi da kai har abada ba ya ba ka aiki. Wata rana in yarda da shi, wata rana in ga kawai ba ta so ƙaryata ta kwana a ɗakinta bayan ranta. Ta kira ni Femia, ba Eufemia ba, amma ko tana faɗa haka take kirana.

Ke kin fi ni hankali, kuma ba kya lallaɓa ni. Na kwafe miki kalmomin daidai yadda suke. Ki karanta, ki gaya mini ko ta yafe. Kada ki yi saurin amsawa, kuma in kin ga ba ta yafe ba, ki faɗa mini haka.

Ki gaida yara. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Eufemia